Kafin a Tayar da Inji a Bakin Kogin Kaduna

Sau biyu a shekara itatuwa ke zubewa a Kaduna. Karo na farko da faɗuwar damina ne, wajen Afrilu da Mayu, in hadari ya haɗo daga gabas da iskar nan mai kwashe kwanon gida. Ita ce ke tumɓuke dogon yaro da malaina da turare a cikin unguwa, ta kwantar da su kan katanga ko kan wayar lantarki. Karo na biyu a Agusta da Satumba, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi, kogi ya cika ya batse yana cin gaɓarsa ta ƙasa-ƙasa, har mangwaron da ya ga jikokin wanda ya dasa shi ya kifa ciki da saiwoyinsa. Na farkon ba shi da doguwar magana. A tudu ya faɗi, a kira mai injin yankan itace, kafin la'asar masu gidan burodi da masu sayar da itacen girki sun yi awon gaba da shi. Na biyun ne ke bukatar a zauna a yi shawara, kuma shi aka fi yi wa gaggawa.

Duk wanda ya san arewacin kogin ya san inda abin ke faruwa. Daga Rafin Guza a biyo ta Malali da Unguwar Rimi, a gangaro Kabala Costain da Kigo Road da Gamji, a wuce har ƙasan Tudun Wada da Nariya, gidaje sun matso bakin ruwa fiye da yadda mutanen da za su yarda. Ambaliyar Agustan 2003 ta nuna mana iyakarmu, ta 2012 da ta 2015 suka maimaita. Ba itace ke kawo ambaliya ba. Ruwan sama ne da ke sauka tun daga tsaunukan Jos inda kogin ya taso, sai kuma gine-ginen da muka dasa masa a hanya. Amma itace na da nasa kason, musamman a ƙananan rafuka da manyan magudanan da ke ratsa gari su zuba a kogi. Bishiya ɗaya ta gitta a bakin kwalbati, rassanta su tare leda da robar lemo da tsohuwar katifa da karan masara, yashi ya biyo ya toshe sauran kafofin. Cikin dare guda an sami madatsar da babu injiniyan da ya zana ta, ruwan da ya kamata ya wuce ya juyo ya shiga ɗakunan mutane.

Gari na wayewa sai a yi karo-karo, mai unguwa ya aika a nemo ofareta. Ya iso bisa babur, inji ɗaure a baya, yaronsa riƙe da galan ɗin fetur. Cinikin kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

"Ranka ya daɗe, ruwan nan bai janye ba. A bari sai jibi."

"Haba Malam, jibi? Dubi gabas mana. In aka sake irin na jiya, a ina iyalinmu za su kwana?"

"To a ƙara wani abu, don sarƙa ɗaya ba za ta gama shi ba."

Kowannensu da gaskiyarsa. Sai dai yawanci da an ƙara kuɗin maganar jibi ta mutu. Mutumin ya naɗe wando, ya shiga ruwa da silifas ko ƙafa tsirara, ya finciki igiyar inji. A nan nake ganin muna ɗora wa mutum ɗaya, a kan ladan yini ɗaya, haɗarin da gari ne ya kamata ya raba shi tun da rani.

Injin ma ba don wannan aka ƙera shi ba. Wanda masu sana'ar suka fi yarda da shi a dazukanmu shi ne Stihl 070 na Jamus, ko kwaikwayonsa na China da ya cika kasuwa. Tsohon zubi ne, tun ƙarshen shekarun 1960 ake yin sa, kuma ƙarfinsa na kayar da manyan itatuwa da tsaga katako ne a kan busasshiyar ƙasa. Ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a jikinsa, kuma galibinsu ba su da birkin sarƙa irin na ƙananan injunan zamani. Fetur gauraye da mai yake sha, iska ke sanyaya shi, iska yake shaƙa. In ruwa ya bi ta kafireto ya shiga inda fistin ke kai da komowa, shi ke nan, domin ruwa ba ya matsuwa: injin ya tsaya cak, wani lokaci har ƙarfen da ke tura fistin ya lanƙwashe. Ana iya tsoma bakin dogon ƙarfen a ruwa kaɗan, masu aikin na yi. Amma sarƙar za ta kwaso ruwan ta watsa wa mutum a fuska, ta watsa wa injin, ta kuma wanke man da ke hana ta ci da ƙarfen. Zarton da ake yanka da shi a ƙarƙashin ruwa na gaskiya daban yake. Ba ya ɗauke da injin fetur a jikinsa. Matsattsen mai ko matsattsiyar iska ake turo masa ta tiyo daga tudu ko daga jirgi, kuma masu ninƙaya da aka horar ne ke riƙe shi.

Lalacewar inji dai asarar kuɗi ce. Abin da ke kai mutum asibiti yana farawa ne daga yashi. Itacen da ya kwana biyu a kogin Kaduna ɓawonsa cike yake da yashi da taɓo, kowace tsaga ta ɗauka. Haƙoran sarƙa da aka wasa da magagari da safe, suna shiga irin wannan ɓawon sun dakushe. Za ka gane daga abin da injin ke fitarwa: sarƙa mai kaifi manyan ɓarɓashi take zubarwa kuma ita ke jan kanta cikin itacen, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa mai laushi, sai an danna ta da ƙarfin tuwo. To mai dannawar a kan me yake tsaye? A kan taɓo mai santsi, ko dutsen da gansakuka ta rufe, cikin jan ruwan da ba ya ganin ƙafarsa. Ƙarfin da ya zuba a hannu shi ne zai zame masa da ƙafa. Ga kuma tutsun injin: muddin saman bakin ƙarfen ya taɓa wani reshe da ke ɓoye, sai injin ya zaburo sama ya nufo fuska ko kafaɗa, da saurin da hannu ba ya iya tarewa. A tudu kana ganin reshen ka kauce masa. A ruwan Agusta ba ka ganin komai da ya wuce taƙi ɗaya.

Sai itacen kansa, wanda shi ne ainihin ilimin wannan sana'a. Itacen da ya faɗi bai huta ba, nauyinsa na nan yana aiki a cikinsa. Ɗauki rake ka lanƙwasa: bayansa ya miƙe yana shirin tsagewa, cikinsa ya matse. Haka gungume yake. In kansa da gindinsa ne ke tokare, tsakiya na lilo, to samansa a matse yake, ƙasansa a miƙe. Ka yanko daga sama, ya cije maka ƙarfe ya ƙi saki. In gindin kaɗai ke riƙe, kan na reto, abin ya juya: saman ne a miƙe, yana jin haƙori zai tsage da ƙara. Gwanin ofareta yakan zagaya itace, ya duba inda ya tokare, ya fara ɗan sara a ɓangaren da ke matse, ya ƙarasa ta ɓangaren da ke miƙe, ya buga weji in ya ga bakin yankan na rufewa. Duk wannan karatun da ido ake yin sa. A cikin kogi rabin littafin na ƙarƙashin ruwa. Ba ka san wane reshe ne ya kafe a yashi ba, ba ka san wanne aka danne a lanƙwashe yana jiran a sake shi ya yi bulala ba. Wani sashen na itacen ruwa ya ɗaga shi, wani ya nutse. Sannan ga igiyar ruwa tana tura shi ta gefe, turin da ba a san shi a tudu ba, kuma in gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa ninkawa huɗu yake yi.

A yi lissafi kaɗan. Ɗanyen gungume mai kaurin santimita 60 da tsawon mita 3, in ya sha ruwa, ya kai kilo 700 ko fiye. Da zarar an raba shi da uwarsa ya zama na kogi. A kan gangare ƙa'idar a fili take, a tsaya ta sama, gungume ya mirgina ƙasa. A ruwa mai gudu babu gefen da za a ce lafiya lau ne. Ka tsaya ta inda ruwa ya nufa, gungumen ya biyo ta kanka. Ka tsaya ta inda ruwa ke fitowa, in ka zame ya tura ka cikin rassa, shi ya wuce ta tsakaninsu, kai ya manne ka a jiki yana danna ka ƙasa. Masu aikin ceto a ruwa na tsoron irin wannan tarko ƙwarai. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, ballantana wanda ya kai gwiwa, ga inji na kuka a hannu. Akwai kuma gindin. Bishiyar da ta tumɓuke da faifan saiwoyinta, nauyin gangar jikinta ne ke riƙe da faifan a tsaye. Ana yanke gangar sai ya koma raminsa da ƙarfi, ko ya kifa gaba. Yara kuwa sun fi son tsayawa kallo daidai wurin.

Shi ya sa waɗanda suka daɗe a aikin ba sa fara taɓa inji. In akwai wayar lantarki a cikin rassan, babu mai shiga sai an tabbatar an yanke wutar daga tushe, ba wai an duba an ga babu wuta a unguwa ba, don ana iya kawo ta kowane lokaci. Daga nan sai a kwashe sharar da ta taru da manjagara da ƙugiya daga tudu. Sau da yawa wannan kaɗai na buɗe wa ruwa hanya ya sauka, a sami sararin jira. Sai igiya. Duk guntun da za a yanke, a ɗaure shi tukuna da wani tsayayyen itace ko ginshiƙi a gaɓa, ta yadda in ya rabu zai karkato bakin ruwa. Ƙananan rassa da waɗanda ke nutse aikin adda da gatari da zarton hannu ne. Inda inji zai shiga, a feƙe ɓawon da gatari, a watsa ruwa a wanke yashin. Mafi kyau duka, a jawo itacen waje da tifa ko tarakta, ko na'urar sarƙar nan da makanikai ke ɗaga injin mota da ita, a yanka shi a inda mutum ke ganin ƙafarsa. Wata al'ada kuma da ake yi da kyakkyawar niyya tana da haɗari, wato ɗaura wa mai shiga ruwa igiya a ƙugu. A ruwa mai ƙarfi, in ya faɗi igiyar ta miƙe, ruwan danna shi ƙasa yake yi, kuma ba ya iya kwance kansa. Rigar hana nitsewa a jikinsa, da mutum a gaɓa riƙe da igiyar da zai jefa masa, sun fi.

Abin da aka yanka kuma a kai shi can sama da inda ruwan bara ya tsaya. In aka jibge guntaye a bakin rafi an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Dogon itace mai rassa yakan maƙale ya zauna wuri ɗaya, gajerun guntaye kuwa su ne masu tafiya. Ruwan gaba zai kwashe su ya kai wa unguwar da ke ƙasa, su cushe mata kwalbati.

Batun mai ba zan ja shi ba. Man da ake zuba wa sarƙa ba ya dawowa, duk a wurin aikin yake tarwatsewa, kuma abin da yawancin masu injin ke zubawa baƙin mai ne da aka juye daga mota. In a kan ruwa aka yi yankan, cikin ruwan ya tafi, kogin da matatar Malali ke ɗiba a ba gari, masu lambu kuma ke ban ruwa da shi. Bai kai dattin kwatoci da na masana'antu ba, amma ƙarin dalili ne na jawo itacen tudu.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: dole ne duk itacen da ya faɗa ruwa a fitar da shi? Wanda ya san abin da ke faruwa a ƙasan kogin zai ce dole. Kogin Kaduna na zuba a kogin Kwara ne daura da Patigi, kuma a yankin ne cikin Yunin 2023 jirgin 'yan biki ya kife da dare, mutum fiye da ɗari suka rasu. Rahotanni sun ce ya ci karo da itace a cikin ruwa, ga lodi ya yi masa yawa. Tafkin Kainji da aka tare a 1968 da na Shiroro da ke kan kogin namu, wanda aka buɗe a 1990, dazuzzuka suka haɗiye, kututturan na tsaye a ciki har yau suna fasa jirage. Hukumar raya yankunan madatsun lantarki, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna, ta sa hannu a aikin sare su. Ghana na fama da irin wannan a tafkin Volta tun bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, har aka ba wani kamfani mai tushe a Kanada damar yanko katakon daga ƙarƙashin ruwa da na'ura mai dogon hannu da aka girke bisa jirgi. Abin lura, masuntan tafkin ba su yi murna duka ba. Sun ce a gindin kututturan nan kifi ke ɓuya yana hayayyafa.

Masuntanmu ma sun san haka, ba sai an gaya musu inda tarwaɗa ke kwana ba. Turawa kuwa sai da suka sha wahala suka gano. A Amurka, Henry Shreve ya ƙera jirgin tumɓuke itatuwa a 1829, ya kwashe daga 1833 zuwa 1838 yana buɗe wani tarin gungumen da ya toshe kogin Red a Luwiziyana na tsawon fiye da mil 150, har aka sa wa birnin Shreveport sunansa. Tarin ya sake haɗuwa, sai a 1873 aka kuma fasa shi da nakiya. Ostireliya ta shafe shekaru tana tsame itatuwa daga kogin Murray don jirage su wuce, daga baya ta koma tana kashe kuɗi tana mayar da gungume cikin kogin, saboda kifin ya ragu. Itacen da ya kwanta a gefen kogi yana rage wa ruwa gudu, yana tare yashi, yana kare gaɓa daga zaizaya.

Don haka a ganina rarrabewa ake bukata. A cikin Kaduna ba manyan jiragen fasinja ke zirga-zirga ba. Kwale-kwalen masunta ne da na masu ɗiban yashi da na masu fito. Itacen da ya gitta a bakin kwalbati, ko ya maƙale a ƙafar gada, ko yake kan mashigar fito, ko yake karkato ruwa yana cin gaɓar da ke da gidaje, wannan a fitar da shi. Wanda ya kwanta a gefe, tsawonsa na bin ruwa, gindinsa a kafe, nesa da gada, a rage masa rassan da ke kama shara a ƙyale shi. Ba kowane ne ya cancanci a sa ran ɗan wani a kansa ba.

Wa zai yi rarrabewar? A takarda hukumomi ba su yi kaɗan ba. Kogin Kaduna na cikin jerin hanyoyin ruwan da dokar 1997 ta danƙa wa hukumar NIWA, mai hedikwata a Lakwaja. Muhalli na hannun KEPA, izinin gini na KASUPDA, agajin gaggawa na SEMA da NEMA, ga ƙaramar hukuma. Amma mutumin da bishiya ta toshe rafin bayan gidansa da ƙarfe biyun dare bai san lambar wa zai kira ba, kuma ko ya sani, Agusta ba lokacin wannan aiki ba ne. Lokacinsa Fabrairu da Maris ne, sa'ad da kogin ya janye, duwatsun tsakiyarsa suka fito, rafukan cikin gari suka koma 'yar siririyar kwata. Gungumen da a damina sai an yi kasada da rai, a wannan lokacin a busasshen yashi yake kwance, ana zagaya shi da ƙafa, tifa na iya isa gare shi. Bishiyar da ruwa ya riga ya ci gindinta ta karkata, ana ganinta, a rage mata nauyi tun ba ta faɗi ba. Ba sai an ɗauko masana daga waje su nuna wuraren ba. Masu lambun bakin kogi da masu ɗiban yashi da masunta sun san kowane gungume daga Rafin Guza har Nariya, tambayarsu kawai ba a yi.

Kayan aikin ma a gida suke. A Afaka, nan bayan Mando, akwai kwalejin gwamnatin tarayya da aikinta ke nan, koyar da sarrafa injuna a harkar gandun daji. Ba abin kunya ba ne a tara masu injin gari, waɗanda kusan dukkansu a wurin maigida suka koya, a yi musu bita ta 'yan kwanaki kan karanta itacen da ya faɗi da aikin igiya, a ba wanda ya halarta shaidar da mai unguwa zai nema kafin ya ba shi aiki. Ƙugiya da ƙarfen ja da weji kuwa, maƙeran Panteka sun ƙera abin da ya fi su wuya.

Kuɗin ma ba duka zai fito daga aljihun gwamnati ba, domin itacen kansa kuɗi ne. Gungumen maɗaci ko malaina da aka jawo da tsawonsa katako ne, masu tsagawa za su saya. Wanda aka daddatsa a cikin ruwa cikin gaggawa, itacen girki kawai ya rage. Sai dai a nan rigima ke ɓullowa. Muddin itace na cikin ruwa ba shi da mai shi, yana hawa tudu sai mai lambu ya tuna kakansa ne ya dasa. A yanke wannan magana gaban mai unguwa tun kafin a ɗaura igiya: kaza na mai wuri, kaza na masu aiki. A kuma sa ido, don izinin kwashe faɗaɗɗen itace na saurin rikiɗewa ya zama izinin kayar da tsayayye, musamman tun da kuɗin gas da na kananzir suka tura gidaje da yawa ga gawayi. Giyayya da ɓaure da mangwaron da ke tsaye a bakin kogi, saiwoyinsu ne ke riƙe da ƙasar da gidajen Kigo Road da Kabala ke zaune a kai. Duk wanda za a ba aikin, a rubuta masa adadin itatuwan da aka yi wa alama da fenti, a kuma ƙirga kututturan da ya bari ranar da zai karɓi cikon kuɗinsa.